Ƙofar da Ta Saɓa Doka

Litinin, 2 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Corinne ce ta kawo mini wannan littafin, wai in riƙa rubuta lokacin da babanta ya fita yawon safe da lokacin da ya dawo. 'Yar da na haifa da cikina ta mai da ni maigadi. Na manna mata kalanda a jikin firij, can zan riƙa sa mata lissafinta, wannan littafin kuwa ya zama nawa. Yau Wendell ya fita shida da rabi, ya dawo bakwai da kwata, lafiya lau.

Jiya ce dai ba lafiya lau ba. Awa uku cur. Wata mata daga layi na huɗu, ko sunanta ban sani ba, ta kawo shi a mota. Ta ce saukowa ta yi ta tarar da shi a kicin ɗinta yana tambayar wanda ya canja wa cokula wuri. Ta yi kirki, har ƙwai ta soya masa.

Ni ban ga laifinsa ba. Gida ɗari uku da goma sha biyu ne a unguwar Copper Wash, duk kamar an tsaga kara: rufi iri ɗaya, tsakuwar farfajiya iri ɗaya, akwatin wasiƙu iri ɗaya, ƙofa kuwa dole ta zama ɗaya daga cikin kala huɗu da ƙungiyar masu gidaje ta amince da su. Ni ma na taɓa zura makullina a ƙofar wasu.

Corinne ta ja ni gareji tana magana ƙasa-ƙasa. “Mama, in ya sake ɓata ko sau ɗaya ne, zan kai shi wurin nan na Tucson. Kada ki ce ban gaya miki ba.” Wurin nan na Tucson gidan tsofaffi ne, mai ƙofar da ba ta buɗuwa daga ciki. Na ce na ji, har na ce na yarda, don dai ta shiga motarta ta tafi.

Talata, 3 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na sayo fentin ƙofa, ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido, irin wanda za a hango daga ƙarshen layi.

Bin sa ba zai yiwu ba, ƙugun nan nawa ko kwanar layi ba ya kai ni, shi kuwa tafiya yake kamar ana korarsa. Agogon da Corinne ta saya masa mai nuna inda mutum yake, kullum a cikin safa nake tsintarsa. Hana shi fita kuma, to wannan sai wanda bai san Wendell ba.

Abin haushin, shi ya zaɓi kalolin nan huɗu da hannunsa. Shekara goma sha ɗaya yana shugaban kwamitin kula da kamannin gidaje. Yashin Hamada, Garin Alkama, Ƙasar Tudu, Madarar Shayi, haka aka raɗa musu suna, alhali duk kalar kwali ce. Da muka taso daga Ohio shekara goma sha tara da suka wuce, gida goma sha huɗu muka duba. Ni wani tsohon gida na so a garin Mesa, mai bishiyar lemun tsami a baya, maƙwabcinsa ya ajiye kwalekwale a kan ciyawa, ga zakaru. Shi kuwa tsohon safiyo, mutumin igiyar awo, ya zauna a mota ya karance littafin dokokin Copper Wash, shafi tamanin da shida, fuskarsa sai annuri. Ba a shanya a waje. Ba a barin gareji a buɗe fiye da minti goma sha biyar. Kare biyu kacal, kada nauyinsu gaba ɗaya ya wuce na buhun siminti. Ya ce, “Max, nan kam mutum zai san abin da zai gani in ya tashi da safe.” Na yi fushin mako guda, na sa hannu.

Alhamis, 5 ga Oktoba, bayan abincin rana

Na shafa wa ƙofar fentin, Wendell yana barcin rana. Rudy Zepeda na gidan da ke kallon namu ya tsallako da butar ba wa shuka ruwa a hannu.

“Maxine, gidan Shugaba ne wannan ko shagon lemo za ki buɗe?”

“In ka zo kallo ne, riƙe mini gwangwani.”

“Delphine za ta suma, wallahi. Ki bari in ɗauko kujera tukuna, ina son in ga faɗuwarta.”

Ya riƙe gwangwanin, daga baya ma ya karɓi buroshin ya yi mini saman da hannuna bai kai ba. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Na ji daɗin yau fiye da yadda na daɗe ban ji ba.

Asabar, 7 ga Oktoba, bakwai da rabi na safe

Ya dawo bakwai da minti ashirin. Ya daɗe a tsaye a bakin titi kafin in buɗe masa.

Litinin, 9 ga Oktoba, tsakar rana

Delphine Krantz ba ta suma ba, da ƙafarta ta zo. Ita ce shugabar kwamitin yanzu. Ta tsaya nesa da ƙofar kamar fentin zai yi mata tsalle, ta miƙo mini takardar gargaɗi: kwana talatin in mayar da ita yadda take, in ba haka ba ƙungiya ta turo mai fenti ya shafe ta.

“Ke kuma, Maxine? Duk unguwar nan a rasa mai yin haka sai matar Wendell Ostrander?”

Na san abin da ke cin ta. Wendell ne ya taɓa auna katangarta ta katako ya ce ta ɗara ƙa'ida da inci biyu, ya sa ta kira kafinta ya yanke. Shekara goma sha uku ke nan, har yau ba ta huce ba.

Da za ta tafi sai ta juyo, muryarta ta ɗan sauka. Ta ce akwai hanya, in da dalilin rashin lafiya. A cike takarda, a haɗa da wasiƙar likita, a karanta a gaban mutum biyar na kwamiti, a sa a rahoton taro da ake turawa kowane gida. Na ce lafiyar kowa ƙalau a gidan nan, kalar ce kawai ta burge ni.

A watan Maris, a cikin mota, a ƙofar asibiti, Wendell ya riƙe hannuna har ya yi mini ciwo. Ya ce kada kowa a unguwar nan ya ji yana da ciwon mantuwa. Na yi masa alkawari.

Laraba, 11 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Ya ƙi shigowa.

Na hango shi ta taga, ya iso daidai gidan, ya dubi lamba, ya dubi ƙofa, ya wuce. Na fita da takalmin wanka ina kiransa. Ya ce, “Max, me kike yi a gidan mutane?” Na ce gidanmu ne. Ya yi dariya. “Ni? Ƙofa irin wannan? Ko a mafarki.” Sai da na zagaya na buɗe gareji, ya ga motarsa da teburin aikinsa, sannan ya biyo ni. Garejin ya yi minti ashirin a buɗe, kowa ya je ya kai ƙara.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kukana. Na ɓata da maƙwabta a banza, na ƙara rikita shi a kan rikicin da yake ciki. A kalandar Corinne na rubuta bakwai da kwata.

Juma'a, 13 ga Oktoba, da safe

Ta gareji yau ma.

Lahadi, 15 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Corinne ta kai ni Tucson, wai in gani kawai. Rudy ya zauna da Wendell suna kallon ƙwallo.

Ba zan yi musu ƙarya ba, wurin tsaf yake. Akwai lambu a tsakiya da hanya mai zagaye, duk inda mutum ya bi zai dawo inda ya fara. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta nuna mana ɗakuna, kowace ƙofa da kalarta, ja, kore, shuɗi, ta ce hakan yana taimaka musu. Na kusa yin dariya. Wani dattijo da rigar barci ya tsaya a bakin babbar ƙofa yana danna lambobi, ya danna ya jira, ya danna ya jira.

A hanya Corinne ta ce, “Ba mugunta nake yi ba, Mama. Babban titi yana nan a bayan layi na shida. In mota ta kwashe shi fa?” Tana tuƙi tana share ido da bayan hannu. Gaskiyarta ce, kuma shi ya sa na ƙi yi mata magana har muka iso.

Laraba, 18 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Tun jiya doka ta ba da izinin kayan adon bikin kabewa, bikin dodanni na ƙarshen Oktoba, kwana goma sha huɗu kafin ranar, kwana uku bayanta. Gidan da ke kwanar layi sun kafa ƙwarangwal na roba wanda ya fi rufinsu tsawo, idanunsa suna walƙiya. Wannan halal ne. Ƙofata ce abin kunyar unguwa.

Na sayo gwangwanin Garin Alkama. Ranar Asabar zan shafe, tunda ba ta yi amfanin komai ba. Na gaji.

Alhamis, 19 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Bakwai da minti biyar aka danna ƙararrawa. Na buɗe, sai ga Wendell a tsaye, ya gyara wuyan riga, da tsohon littafinsa na takardun gargaɗi a hannu, wanda na ɗauka ya daɗe da shiga shara.

“Barka da asuba, Madam. Ki yi haƙuri na dame ki da sassafe. Daga kwamiti nake. Wannan ƙofar taki ta saɓa doka.”

Ya yago takarda ya miƙo mini. Rubutunsa ne mai kyau na da, ga lambar gida, ga kwanan wata, har da sa hannu. Kwana talatin.

Ban san inda na samo muryar ba. Na ce, “Na gode, ranka ya daɗe. Shigo ka sha kofi mana, ka yi mini bayani.” Ya ce ba ya son ya takura mini, amma ya goge ƙafa ya shigo. Ya zauna a kujerarsa. Kafin ya kai rabin kofi ya ɗago ya ce, “Max, ina jarida?”

Asabar, 21 ga Oktoba, tsakar rana

Ban shafe ba. Takarda ta uku ke nan.

Talata, 24 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Shida. Ina tara su a gwangwanin biskit.

Rudy ya ce ya yi kwana uku yana lura da shi daga farfajiya. Da, in Wendell ya iso mararraba sai ya tsaya ya dubi nan ya dubi can. Yanzu da ya hango ƙofar daga ƙarshen layi sai ya ƙara sauri yana girgiza kai. “Kamar ɗan sandan da ya hango ɓarawo, Maxine. Ni ma har gyara tsayuwa nake, kada ya rubuta ni.”

Bakwai da biyar, bakwai da uku, bakwai da shida. Rabon da in rubuta wa Corinne gaskiya kwana biyar a jere har na manta. Ranar takwas ga Nuwamba wa'adin Delphine zai cika, kuma in aka shafe ƙofar nan ba abin da zai jawo shi layinmu.

Alhamis, 26 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Yau da rana yana nan sosai, shi ɗin kansa. Ya buɗe gwangwanin yana neman biskit. Na shigo na same shi ya jera takardun a kan tebur, ɗaya bayan ɗaya.

“Rubutuna ne.”

“Naka ne.”

“Ke nake kawo wa?”

Na ce ni. Sai ya tambaya ko yana yi mini rashin kunya in ya zo. Na ce ko kaɗan, har ƙafa yake gogewa, abin da bai taɓa yi ba a shekara arba'in da ɗaya. Ya yi murmushi kaɗan.

Na ga dama ta samu, na gaya masa maganar wasiƙar likita. Fuskarsa ta canja. “A karanta ni a ɗakin taron nan? A gaban su Pruitt da Delphine na kwamiti? A tura kowane gida? Gara Tucson, Max.” Na ce bai ga Tucson ba ne. Ya ce alkawari na yi masa, kuma shi bai ɗauke mini alkawarin ba.

Wasiƙar tana cikin jakata tun shekaranjiya. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, na dafa taliya ta yi ruwa.

Asabar, 28 ga Oktoba, da safe

Goma. Yau ya ce kofina ya fi na matarsa daɗi.

Litinin, 30 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Delphine ta biyo da sassafe da ɗan karenta, wai ta tuna mini taron kwamiti na ranar Alhamis. Muna tsaye a bakin ƙofa sai ga shi ya kunno kai da saurinsa. Na so in kore ta, lokaci ya ƙure.

Ya gaishe ta kamar baƙuwa, ya ce ta ɗan matsa, aikin kwamiti ne. Ya yi mini jawabinsa kaf, ya miƙo takarda. Sannan ya dubi karen ya ce mata, “Guda nawa gare ki?” Ta ce ɗaya. Ya ce madalla, ya goge ƙafa ya shiga.

Delphine ta tsaya da igiyar kare a hannu. Na jira ta ce wayyo, don da ta faɗa da na rufe mata ƙofar a fuska. Ba ta ce ba.

“Kullum ne?”

“Kullum.”

“Hannu da hannu yake ba ki? Da kwanan wata?”

Na ce e. Ta ce in kawo mata su duka. Na ce in don ta kai shi gaban taro ne, sai dai ta bi ta kaina. Ta ce, “Ke dai ba ni, Maxine, kin cika baki.” Na ba ta da gwangwanin gaba ɗaya.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na dare

Na je taron da wasiƙar a jaka, ban san ko zan fito da ita ba har na zauna. Mutum kusan ashirin, kujerun roba, lemo mai ɗumi. An yi minti arba'in a kan ko tukunyar fure mai siffar kwaɗo tukunya ce ko mutum-mutumi.

Da aka zo kaina Delphine ta sa tabarau ta buɗe littafin dokoki a shafi na arba'in da ɗaya. Ta karanta: kwana talatin suna farawa ne daga takarda ta ƙarshe da wani ɗan kwamiti ya miƙa wa mai gida hannu da hannu. Ta ce ranar da Mista Ostrander ya sauka daga shugabanci an naɗa shi ɗan kwamiti na har abada, yana cikin rahoton taron shekarar, ba a kuma taɓa sokewa ba. Takarda ta ƙarshe da ke gabanta ta talatin ga Oktoba ce, ta kuma ji an ba da wata yau da safe. Saboda haka wa'adi bai cika ba.

Gordon Pruitt, ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, ya zaburo. “To ai in haka ne ba zai taɓa cika ba! Mutum ya riƙa ba matarsa takarda kullum? Wane irin wasa ne wannan?”

“Ba ni na rubuta dokar ba, Gordon. In kana son a canja ta, ka nemo sa hannun kashi biyu cikin uku na gida ɗari uku da goma sha biyu. Allah ya ba da sa'a. Magana ta gaba.”

Ba wanda ya tambayi dalili. Na duba ɗakin, kowa ya sunkuyar da kai yana karatun takardar gabansa, har matar nan ta layi na huɗu mai ƙwai. Ashe duk sun sani, tun yaushe oho. Wasiƙar ba ta fito daga jaka ba.

A waje Delphine ta miƙo mini gwangwanina da sababbin littattafan takardun gargaɗi guda biyu, ta ce na Wendell ya kusa ƙarewa. Na buɗe baki zan yi godiya, ta ce, “Inci biyun nan dai ban yafe ba,” ta shiga mota.

Asabar, 4 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Corinne ta daɗe a gaban kalanda tana bin kwanakin da yatsa. Ta ce to, a bar maganar zuwa bayan sabuwar shekara. Ba ta ce an bar ta ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba, takwas saura kwata na safe

Yau ce da za a shafe ta. Ya danna ƙararrawa bakwai da minti huɗu, ya ba ni kwana talatin ɗina, ya shigo.

Da, kafin ya sha rabin kofi yake dawowa hayyacinsa ya gane ni. Makon nan sai ya kusa shanyewa. Yau ya shanye tas, ya ajiye kofin a hankali, ya miƙe yana gyara riga.

“Na gode ƙwarai, Madam. Bari in ƙarasa gida, matata tana jirana. Tana da saurin damuwa.”

Na riƙe bayan kujera. Na ce, “Ai ta bugo waya yanzun nan. Ta ce ka jira ta a nan, tana zuwa.”

“Max ce ta ce haka?”

“Ita ce.”

Ya koma ya zauna. Na ƙara masa kofi. Yana nan a kujerarsa ina wannan rubutun, duk motar da ta wuce sai ya ɗaga kai ya dubi taga.